Ambulan Uku da Tayin Abinci

Tun da muka dawo ban huta ba. Duk Juma'a in an sallame, kafin in kai ga takalmina wani ya riƙe mini hannu: ya tsibiri, ya teku, nawa ka kashe? Ta ƙarshen nan ita ce ainihin tambayar, na sani, domin duk wanda ya san ni a Greenbelt, nan Amurka, ya san dala ba ta fita daga hannuna da daɗin rai. Mai Ambulan abokaina suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, tunda gaskiya ce. To ga labarin na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ba don hutu na yi tafiyar nan ba, don Nana na yi ta. 'Yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta goma sha bakwai, kuma ƙarshen bazarar nan za ta tafi jami'a. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take son ta ga kunkurun teku a cikin ruwansa, ba a talabijin ba. Sau uku ina yi mata alkawari, sau uku ina saɓawa. Na farko kuɗin suka tafi asibitin kawuna a Zariya, na biyu rufin gidanmu na gado, na uku ni kaina na manta dalilin da na bayar. Da na sake tayar da maganar bana, ko ɗago kai ba ta yi daga littafinta ba. Da Turanci ta amsa, kamar yadda ta saba, wai kada in yi alkawari, in an tafi an tafi. Maganar ta soke ni. A wurin na rantse mata cewa wannan karon sai ta shiga ruwan nan. Daga nan na lura ta koma wurin iyo na unguwarmu duk Asabar, ta kuma sayi kayan iyo masu rufe jiki da kuɗin da take samu na koya wa yara lissafi.

Na zauna na yi tsarina. Tikitin jirgi da kuɗin gida na biya tun daga nan. Sauran na raba ambulan uku: na abinci dala ɗari biyu, na motar komawa filin jirgi dala sittin, na ruwa dala ɗari biyu da sittin, wato kuɗin mutum biyu a jirgin da ke kai masu yawon buɗe ido wurin kunkuru. Katin bashi ba na riƙewa saboda kuɗin ruwan da banki ke ɗorawa. Katin banki kuwa, da nawa da na Hauwa matata, na kulle su a durowa, domin kuɗin makarantar Nana ne a ciki, kuma na san hali, in kati yana aljihu sai ya fito. Hauwa ta ce dala ɗari biyu ba za ta ciyar da mutum uku kwana shida ba. Na ce ai ba sayen abinci za mu je yi ba, da abincinmu za mu tafi.

Muka je shagon 'yan Afirka a Hyattsville muka yi lodi. Garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, manja. Hauwa ta kwana biyu tana dambun nama da soyayyen naman rago, ga kilishin da wani ɗan'uwa ya kawo mana tsaraba. Duka muka jera a akwati guda, na auna shi sau huɗu a ma'aunin banɗaki don kada ya wuce kima. Ina kallon akwatin nan ina jin kaina wani gwani.

Ranar Lahadi da safe maƙwabcinmu ya sauke mu a filin jirgin Baltimore. Muka sauka Miami, muka yi zaman awa uku, na hana kowa sayen ko ruwa, muka cika gorunanmu a famfo. Daga nan ƙaramin jirgi ya ɗauke mu zuwa tsibirin. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san ku, wani zai je ya nemo mutanen da zan ambata ya ce ni na aiko shi.

A cikin jirgi aka raba fom ɗin kwastan. Akwai layin da ke tambaya ko kana ɗauke da nama. Na daɗe da biro a hannu, Nana tana kallona ta gefen ido. Ƙarya dai ba zan yi a gabanta ba, na sa alamar e. Jami'ar da ta buɗe akwatin, wata mata ce mai jiki, mai fara'a, kuma da fara'ar nan ta kwashe mana nama kaf. Dambu, soye, kilishi, ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a baƙar leda tana ba mu haƙuri, wai doka ce saboda dabbobinsu. Na yi bayani, na ce busasshe ne, na ce dafaffe ne, na ce ta ɗanɗana ma ta ji. Ta ce ta yarda yana da daɗi. Da ta zo kan daddawa ta buɗe ledar, sai ta ja da baya ta rufe da sauri, ta ce wannan mu tafi da abinmu, ba ta so ya kwana a ofishinta. Muka shiga mota, kwana biyun da Hauwa ta yi a gaban murhu na cikin baƙar ledar nan.

Gidan da muka kama ɗaki biyu ne da kicin da baranda, a kan ɗan tudu, ana hango ruwa. Wanda ya ba mu makulli wani dattijo ne siriri mai furfura, Mista Filbat, shi ke kula da gidan da lambunsa, shi da matarsa suna zaune a ɗan gidan baya. Ya nuna mana tankin ruwan sama, ya ce da shi ake wanka da girki, a yi a hankali. Wannan bai dame ni ba, wanda ya tashi a Tudun Wada ba a koya masa tattalin ruwa.

Abin da ya dame ni shago ne. Litinin da safe muka gangara, na ɗauki tumatir guda na duba farashi, na zaci na kwando ne. Komai a jirgin ruwa ake kawo musu, har albasa. Naman yanka irin namu babu shi sam, sai kifi da ƙwai. Shinkafa, mai, burodi, madara, ƙwai, tumatir shida, kifi biyu, mai shago ta ce dala ɗari da talatin da takwas. Na ce ta sake lissafawa. Ta sake, ya ƙaru da dala ɗaya, ta manta da gishiri. A hanyar komawa na yanke hukunci: daga yau tuwo da miyar kuka, shayi da burodi, kifin nan biyu a yanka su ƙanana su kai mu Laraba. Da an bi wannan da mun tsira.

Da azahar Hauwa ta sauke tuwo, muka shimfiɗa a baranda. Mista Filbat yana gefe yana yanke ciyawa. Ni kuwa bakina ya riga tunanina, kamar yadda bakin kowane ɗayanku zai yi. Mutum yana tsaye kana ci, me za ka ce? Na ɗaga murya na ce masa da Turanci ya zo mu ci. Kun san yadda abin yake a wurinmu: ka yi tayi, a ce alhamdu lillahi, a ci lafiya, kowa ya kama gabansa. Sau dubu na yi wa mutane tayi a rayuwata, ban tuna wanda ya zauna ba.

Dattijon nan ya ajiye almakashinsa, ya wanke hannu a famfo, ya zo ya zauna.

Muka kalli juna ni da Hauwa. Ta tashi ba shiri ta koma kicin, ta dawo da faranti, a kansa rabin kifi guda sukutum, domin a gidan su Hauwa ba a ajiye wa baƙo miya ba tsoka. Ya ci tuwon nan da cokali, yana zufa, yana share goshi, yana cewa da daɗi. Ya cinye tas. Da yamma yana ba shuke-shuke ruwa muka zauna cin shinkafa. Na ƙudura ba zan ce komai ba. Na kai loma ɗaya, ta ƙi wucewa, mutum yana taku uku daga gare ni. Na yi tayi, ya zauna. Kafin magariba kifin Laraba ya ƙare.

Talata na koma shago. Kifi, lemon kwalba don baƙo, ƙarin tumatir, ambulan ɗin abinci ya ƙare har da neman cikon dala goma sha biyu. Na tsaya a bayan shago na buɗe na ruwa, na zari dala arba'in, na ce wa kaina aro ne, ko da yake ban san daga ina zan mayar ba. Ranar ma sau biyu ya ci. Na shiga ƙirga lomarsa, Allah ya yafe mini. Na gwada mu ci a cikin ɗaki, zafi ya koro mu, ga taga a buɗe yana wucewa yana gaishe mu. Na ce wa Hauwa ta daina sa kifi. Ta ce in ni na iya kallon idon dattijo in miƙa masa miya lami, in karɓi ludayin. Na ce to mu daina tayi. Ta ce ai ba ita ke yi ba.

Nana kuwa ba ta san abin da ake ciki ba. Kullum da safe tana gangarawa bakin ruwa da uwarta, ta gwada tabaran ruwanta da ɗan bututun numfashi a inda bai kai ƙugu ba. Ta dawo tana ba ni labarin ƙananan kifaye, tana dariya da ni irin wadda na daɗe ban ji ba. Duk dariyar da ta yi sai in tuna ambulan ɗin ruwa.

Laraba da safe na sake zarar hamsin, saboda burodi da ƙwai sun ƙare, ga kifin rana. Jirgin kunkuru ranar Alhamis yake fita, kuma a ranar Laraba ake biya. Na tafi rumfar masu jirgin ni kaɗai da dala ɗari da saba'in. Yarinyar da ke wurin ta ce mutum biyu ɗari biyu da sittin. Na fara ciniki yadda na iya, na ce daga nesa muka zo, na ce ni ba zan shiga ruwa ba, zama kawai zan yi, a yi mini rabin kuɗi. Ta ce kujera kujera ce. Na ce to ga kuɗin mutum ɗaya, 'yata ta tafi. Ta tambayi shekarunta, na faɗa, ta ce wanda bai kai sha takwas ba sai da babba. Wata huɗu ya rage mata ta cika. Na tsaya ina lissafi: ko na haɗa da kuɗin motar komawa, saura talatin. Akwai mutane a bayana, na matsa gefe na ba su wuri.

Na iske Hauwa a kicin tana kaɗa miya. Na rufe ƙofa na faɗa mata. Ta ce in kira yayanta a Largo ya turo mana. Na ce in mutu ma ya fi mini sauƙi da in kira surukina in ce na kawo ƙanwarsa tsibiri na kasa ciyar da ita. Daga nan murya ta hau. Na ce kifinta ne ya cinye kuɗin, ta ce bakina ne, da durowar da na kulle kati a ciki. Na ce wannan tsoho ba shi da ta ido, mutum a yi masa tayi sau ɗaya ya mayar da gidan mutane gidan abinci. Da Hausa muke yi, da sauri, mun saki jiki. Mun saba ɗaukar cewa tunda Nana da Turanci take amsawa, ba ta tsinkar komai in an yi gudu. Da na buɗe ƙofa tana tsaye a wurin, tawul a kafaɗa.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini. Ta dube ni ta ce da Turanci, “Na ce maka kada ka yi alkawari, Abba.”

Sai ta juya ta fita baranda, ta nufi Mista Filbat da ke daure reshen wata bishiya. Na gane abin da za ta yi, na kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Yaran da suka tashi a nan ba su san kwana-kwana ba. Ina ji da kunnena ta gaya masa, cikin ladabi amma ba ɓoye-ɓoye, cewa a garin iyayenta in an ce zo mu ci gaisuwa ce, ana cewa na gode ne a wuce, kuma kuɗin jirginta ya tafi a kifi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A duniya ban san abin kunyar da ya kai a gaya wa baƙo an ƙirga abin da ya ci ba.

Dattijon ya cire hularsa, ya zauna a kan matakala. Na fito ina haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce kwana uku ke nan cikinsa na ci da wuta. Likita ya hana shi yaji shekara biyu da suka wuce. Matarsa tana fushi da shi, ta yi girki ya dawo ya ce ya ƙoshi. Ya ce har dabara ya yi ya canza lokacin ban ruwa don kada ya same mu muna ci, sai ya tarar mu ma mun canza.

“To me ya sa kake zama?” na tambaye shi.

“A nan,” in ji shi, “wanda ya kira ka ga abincinsa ka ƙi, ka ce masa abincinsa ƙazanta ne. Uwata da ta ji na yi haka da ta mare ni. Ku baƙi ne, ban so ku ce mutanen tsibirin nan sun raina ku.”

Hauwa ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ni ban yi dariya ba, domin Nana ta riga ta shige ɗaki ta turo ƙofa, kuma duk wannan bayani bai mayar da ko dala ɗaya cikin ambulan ba. Na tsaya a bakin ƙofarta na ce laifina ne, ba na uwarta ba, ba na dattijo ba. Ranar ba wanda ya ci abincin rana.

Bayan la'asar Mista Filbat ya ƙwanƙwasa. Ya ce gobe da sassafe zai je duba tarkunan kifinsa, kuma kusa da wurin akwai ciyawar ƙarƙashin ruwa inda kunkuru ke kiwo, can ma manyan jiragen ke zuwa in rana ta ɗaga. Kwalekwalensa ƙarami ne, mutum uku yake ɗauka. In na sayi mai na dala ashirin, shi ke nan. Maimakon in yi murna sai gabana ya faɗi. Babban jirgi yana da ma'aikata, yana da masu ceto. Wannan tsoho ne ɗaya da inji ɗaya, ni kuma ko a kwatami ban iya iyo ba, ga 'ya ɗaya tal. Na dubi Hauwa, ta ce ita ba ta da ta cewa, ni na rantse. Ƙofar Nana a buɗe take kaɗan, na san tana ji. Na ce masa Allah ya kai mu.

Muna idar da asuba muka gangara. Kwalekwalen bai fi tabarma biyu tsawo ba. Ya ba mu rigunan da ke hana nutsewa, tawa ta tsufa har igiyarta ɗaya ta tsinke, na ɗaure da hannu. Muna barin gaɓa ruwa ya fara ɗaga mu yana saki. Na kama katako da hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanta, cikina yana juyawa. Nana tana gaba, ta ba ni baya.

Ya kashe inji a wani wuri, ya nuna mata inda za ta bi, ya ce kada ta wuce farar robar da ke yawo a kan ruwa, alamar tarkonsa. Ta gyara tabarau, ta zura ƙafa, ta sulale. Da farko ina ganin bayanta da bututun. Can igiyar ruwa ta taso tsakaninmu, ta sauka, ban ga kowa ba. Na ƙirga goma, na ƙirga ashirin. Na miƙe tsaye ina ƙwala mata kira, kwalekwalen ya karkata har ruwa ya shigo, dattijon ya daka mini tsawar da tun ina firamare ba a yi mini irinta ba, ya ce in zauna kafin in kifar da mu. Ya ce ta cire rigar ne ta yi nutso, ga rigar can tana yawo, yarinyar ta iya ruwa. Na zauna ina kallon rigar nan ba kowa a cikinta. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina ya fi zaman Miami.

Sai ga kanta ya ɓullo, kusa da mu fiye da inda nake kallo. Ta tofar da bututun, tana haki, ta ɗaga yatsu uku. Uku ta gani, ɗaya ya kai faifan tuwo girma sau biyu, ya zo dab da ita ya dube ta. Tana faɗa tana dariya tana kuka, ni ma na ga ruwa yana bin fuskata, na bar shi a kan na teku ne. Ta mayar da rigar, ta sake komawa, ta fi awa ɗaya tana yi.

Ana cikin haka Mista Filbat ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kujera ya kwance. Kifi ne mai gishiri da aka soya da albasa, da wani soyayyen fulawa mai maiƙo, girkin matarsa. Warin ya bugo ni, cikina ya taso har maƙogwaro. Ya ajiye a tsakaninmu, ya dube ni, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce in zo mu ci.

Na gode ɗin tana kan harshena, shekara hamsin da sabo. Na haɗiye ta. Na sa hannu na gutsuri fulawar, na haɗa da kifi, na kai baki, ina tauna ina kallon sama ina roƙon Allah ya tsayar da shi a inda ya sauka. Nana ta iso ta kama gefen kwalekwalen, ta ɗage tabarau, ta ga halin da nake ciki. Sai ta yi magana da Hausa, Hausarta mai ɗan karkata da rabon da in ji ta tun tana ƙarama.

“Abba, ka ce ka ƙoshi mana.”

Na ce, “A nan ba a cewa haka.” Na sake miƙa hannu na ɗauki na biyu.